Ɗan Caina ko ɗan Indiya: yadda ake auna babur da keke mai ƙafa uku kafin a biya kuɗi

Abu na farko da mai saye zai cire a ransa shi ne ɗaukar "ɗan Caina" a matsayin kaya iri ɗaya. Baburan Indiya da ke shigowa Najeriya, Nijar da Gana daga kamfanoni 'yan kaɗan suke fitowa, galibi Bajaj, TVS da Hero, kuma kowanne yana da babban dila da ya tsaya masa. A ƙasar Sin kuwa masana'antun suna da yawan gaske. Akwai manya irin su Haojue mai haɗin gwiwa da Suzuki, da Loncin, Zongshen da Lifan na birnin Chongqing. Akwai kuma ƙanana da ɗan kasuwa zai je ya faɗi farashin da yake so, a haɗa masa babur daidai kuɗinsa, a liƙa sunan da ya zaɓa a jikin tanki. Don haka tambayar da za ka yi wa mai shago ita ce wace masana'anta ce ta ƙera, kuma shekara nawa wannan samfurin ya yi a kasuwar garinku. In ya kasa amsawa, ka riga ka san matsayin kayan.

Daga nan sai ka je kasuwar kayan gyara kafin ka koma shagon babura. A Kano Kofar Ruwa, a Kaduna Panteka, ko kuma layin masu kayan babur na garinku. Rubuta abubuwa shida: fistin da ringi, farantin kuloci, kaca da haƙoranta na gaba da baya, kafireta, takalmin birki, da shokozoba. Tambayi farashin kowanne ga baburan biyu a shago uku. Abin lura ba arha kaɗai ba ne. Duba ko kayan na kan kanta ko sai an ce maka "ka dawo jibi". Ɗan acaɓa ko mai keke da abin hawansa ya kwana uku a wurin bakanike ya yi asarar kuɗin shiga na kwana uku, balas ɗin da yake kai wa mai abin hawan kuma ba ya jira. A nan Boxer na Bajaj ya yi wa sauran fintinkau: ko a ƙauye za ka samu mai kayansa da yaron da ya iya kwance injinsa. Amma shaharar tana da nata sharrin, domin jabun kayansa sun cika kasuwa, kuma fistin na jabu kan cinye silinda cikin 'yan watanni.

Injinan ma ba gini ɗaya ba ne. Yawancin baburan Caina masu girman inji cc 125 da 150 an kwaikwayo su ne daga tsohon injin Honda CG125, wanda sanduna ke tura bawul ɗinsa, ba shi da kacar taimin. Yana jure sakaci da tsohon baƙin mai, gyaransa ba wuya, sai dai yana da jijjiga kuma ya fi shan fetur. Boxer da TVS HLX suna da kacar taimin. Sun fi tsimin mai, amma in aka bar baƙin mai ya tsinke, kacar za ta saki ta fara ƙara, daga nan sai kan inji ya lalace. Wanda ya san ba zai riƙa juye a kan lokaci ba, gara ya san wannan tun yanzu.

Maganar fetur kada ka karɓe ta daga bakin dila. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, mai ne ya fi komai cin kuɗin mai haya. Nemi aron irin baburin daga wanda ke aiki da shi, cika tanki har baki, rubuta lambar mita, yi tafiyar kilomita 100 da fasinja ko kaya kamar yadda za ka riƙa yi, sannan ka sake cikawa ka ga lita nawa ya shiga. A ƙaddara ɗaya yana yin kilomita 50 da lita, ɗayan 40, kai kuma kana yin kilomita 120 a rana. Na farko zai sha lita 2.4, na biyu lita 3. Ratar lita 0.6 ce, ba ta da girma a ido, amma a kwana 26 na aiki kowane wata ta kai wajen lita 187 a shekara. Ninka da farashin lita na yau, ka kwatanta da rangwamen da ka samu ranar saye. Ƙara da abin da za a taya baburin in ka tashi sayarwa bayan shekara biyu. Masu sayar da na hannu za su faɗa maka wanne ke fita da wuri. Ga mai zuwa ofis da kai yara makaranta, wanda bai wuce kilomita 15 a rana ba, lissafin yakan juya, roba-roba ɗan Caina mai suna ya wadatar.

Da yawa daga laifin da ake ɗora wa ƙasar da ta ƙera, na mai haɗawa ne. Babura a kwali suke zuwa, a nan ake ɗaura su. Ranar da ka karɓa, sa bakanike ya bi duk kusoshin inji, na tayoyi da na sitiyari ya ƙara ɗaurewa. A duba wayoyin gargare, kada wasu su yi sako-sako, domin su ke sa taya rawa. Kaca ta samu wasan santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. In ta yi tauri tana cin haƙori da boris. Juye baƙin man farko a wajen kilomita 500, saboda ɓurɓushin ƙarfen sabon inji, kuma kada a yi masa lodi ko gudu kafin nan. A lokacin hunturu a riƙa wanke matatar iska kowane mako, ƙura ce ke kashe ringi a Arewa. Ka kuma gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke kan rasit kafin ka bar shagon.

A keken fasinja kusan babu gardama. A Daidaita Sahu da suka mamaye Kano, musamman bayan hana acaɓa a 2013, na Indiya ne: Bajaj RE da TVS King, masu inji wajen cc 200, sai Piaggio Ape wanda shi ma a Indiya ake ƙera shi. Inda Caina ta fi ƙarfi shi ne keken kaya mai buɗaɗɗen baya, na dakon ruwan leda da amfanin gona. A wannan, leƙa ƙasa ka duba kaurin ƙarfen shasi, walda, da yawan ganyen sifirin, domin nan ne masana'antar arha ke rage ƙarfe. A na lantarki ma Caina ce gaba; tambayi ko batirin lithium ne ko na darma, da nawa ake canza shi.

Mai shigo da mota da kansa yana da tarko biyu. A Indiya hagu ake tuƙi, sitiyari na dama, Najeriya kuwa ta koma tuƙin dama tun 1972. Saboda haka Tata, Mahindra ko Suzuki ƙirar Indiya sai wadda aka ƙera don fitarwa, mai sitiyari a hagu. Juya sitiyari a gareji yana taɓa birki da wayoyi, kuma haɗari ne. Motocin Sin ba su da wannan matsalar, tasu daban ce: ana yi wa tsohuwar babbar motar kaya ƙirar Howo fenti da sabon kai a turo ta kamar sabuwa. Karanta shekarar ƙira daga lambar shasi, gwada ta da farantin da ke jikin inji, kuma a rubuta a takardar ciniki ko farashin ya haɗa da kuɗin jirgi da inshora zuwa Legas, ko a tashar can ya tsaya.