Yadda Ake Wuni da Sistocin Tsibirin Tautra

In za ki je Tautra a Norway, ki ɗauki rigar sanyi mai kauri ko da rani ne. Ni na yi sakaci, iskar teku ta koya mini hankali. Sistocin Katolikan da ke tsibirin, wato mata masu zaman zuhudu, sun iso daga Iowa ta Amurka a 1999, suka zauna a tsofaffin gidaje har aka kammala sabon gidan zuhudunsu a 2006.

Ki kwanta da wuri, domin tun kafin asuba ake addu'ar farko, sau bakwai kuma ake taruwa a rana. Ki rage surutu. Tsakanin addu'o'i suna haɗa sabulu, da shi suke ci.

A majami'a ki zauna inda za ki hango ruwa ta bangon gilashi.