Yadda ake haɗa shayin Earl Grey ba tare da an kashe ƙamshinsa a kan mangal ba

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya iya shayi, ko dai yana ganin ya iya. Ka ratsa Birni ko Zango bayan la'asar, fada nawa za ka wuce, kowace da mangal da 'yar buta a kan garwashi, na farko, na biyu, na uku. To wannan gwanintar ce ke ɓata wa mutanenmu shayin Earl Grey, wato shayin bargamot. Wani zai zo da kwali daga Yamai ko Kano, ko ɗan'uwa ya aiko daga Faransa. A juye ganyen a buta, a bar shi yana ɓararraka har gawayi ya cinye, a zabga suga, a yi ta ɗaga hannu ana neman kumfa. Babban fada ya kurɓa, ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, ƙane, wannan ai sabulu ka dafa mana." Shi ke nan, a jefa sauran kwalin a lungu. Alhali shayin ba shi da laifi, a wajen dahuwa aka kashe shi.

Abin da ke cikin kwalin baƙin shayi ne, na Sin ko Sirilanka ko Indiya ko Kenya, wanda aka fesa wa man ɓawon wani lemo da ake kira bargamot. Lemon bai cika ciyuwa ba, ɗaci da tsami sun yi masa yawa, don ɓawonsa ake nomansa. Mafi yawan man da duniya ke amfani da shi daga gaɓar tekun Kalabriya yake fitowa, can kudancin Italiya, ana kuma noma kaɗan a Kodibuwa. Masu turare sun riga masu shayi saninsa: yana cikin turaren nan da ake kira ruwan Kolon, wanda aka fara haɗawa a Jamus tun 1709, yana kuma cikin turaruka da sabulai masu yawa har gobe. Shi ya sa hancinmu ke saurin cewa "turare" ko "sabulu". Sunan shayin kuwa na Charles Grey ne, firaministan Birtaniya daga 1830 zuwa 1834. Labarin da ake bugawa a bayan wasu kwalaye, wai wani basarake ɗan Sin ne ya ba shi sirrin haɗin, tatsuniyar 'yan kasuwa ce, kada ta ɗauke maka hankali.

Ka riƙe abu ɗaya: ƙamshin nan mai ne da ke zaune a bayan ganye, kuma tururi na tafiya da shi. Duk matakan da ke tafe dabarar tsare shi ce.

Saye

Ka shinshina kwalin tun a butik. In ta cikin ledar ma ƙamshi na bugun hanci kamar ka shiga rumfar mai turare, an cika hannu, kuma galibi ganyen da ke ciki ba na kirki ba ne, ƙamshin aka sa ya rufa masa asiri. In kuma ba ka ji komai ba bayan ka buɗe, ya kwana biyu. Kwalin da ya yi watan Afrilu da Mayu a kan kanta, ƙarƙashin rufin kwano, a zafin garin nan da ke haura digiri 40, ya gama yawo ko da kwanan watan da ke jikinsa bai ƙare ba. Don haka ni ban sayen wanda jakunkunansa ke zube tsirara a cikin kwali. Ka nemi wanda aka liƙe kowace jaka a takardarta, ko ganye a gwangwani mai murfi.

Shuɗin furen da ake gani a wasu, ado ne kawai, ba ya ƙara ɗanɗano, kada a tsuga maka kuɗi saboda shi. 'Yan fararen ƙwayoyin da ke cikin wasu jakunkuna kuma ba ƙwari ba ne, ƙamshin ne aka dunƙule.

Maganar kuɗi: ya fi koren ganyen fada tsada nesa ba kusa ba. In aljihu ya yi sanyi, ka haɗa jaka ɗaya ta Earl Grey da ɗaya ta baƙin shayi na gama-gari a buta mai cin kofi biyu. Masu farawa ma sun fi jin daɗinsa haka. Abin da ba a yi shi ne zuwa wajen mai turare a sayo man bargamot a ɗiga a shayi. Wancan na shafawa ne, an gauraya shi da abubuwan da ba na ciki ba.

Ruwa da buta

Ba sai na gaya wa ɗan Damagaram halin ruwa ba. Wanda ya samu, da shi ake amfani. Sai dai shayin fada na jure kowane irin ruwa, don suga da na'ana'a da kanumfari na rufe komai, wannan kuwa ba ya rufe komai. Ruwan famfo mai warin magani, ka tara shi a buɗaɗɗen mazubi ya kwana. Ruwan 'yan garuwa, ka shinshina jarkar, in ta taɓa ɗaukar mai ko fetur, ka haƙura. Ruwan randa na da daɗin sha, amma sabuwar randa na sa ƙamshin ƙasa, wanda ke danne na lemon. In ka ga wata yana-yana na yawo a saman kofi bayan shayin ya ɗan huce, ruwan ne ke da nauyi, irin na wasu rijiyoyi. A nan ruwan leda mai kyau ya fi, kuma leda ɗaya ta isa kofi biyu.

Butar fada ka bar ta a fada. Cikinta ya riga ya yi baƙi da shekarun citta da kanumfari, ko ka wanke da toka sai ta yi magana. Ka dafa ruwa zalla a tukunya mai tsabta, ka jiƙa shayin a kofin gilashi ko na tangaran, ka nemi ɗan faranti na rufewa. Kofin roba a'a.

Jiƙawa, inda kowa ke faɗuwa

Ganyen nan ba ya hawa wuta. Ko na daƙiƙa ɗaya. Ruwa ke hawa wuta, ganye na jira a kofi.

Ka auna cokalin shayi ɗaya cike, wajen giram 2 zuwa 2 da rabi, ko jaka ɗaya, ga kofi mai cin mililita 200. Ruwa na tafasa ka sauke, ka ba shi kamar rabin minti ya daina tsalle, sannan ka zuba a kan ganyen. Nan take ka kifa farantin. Minti 3. Ka sa agogon wayarka, kada ka ce za ka ƙiyasta, don hira na daɗi minti 3 ke zama 10.

Dalilin wannan tsanani ga shi. Abubuwa biyu ke fita daga ganyen, kuma ba tare suke tafiya ba. Man bargamot na sakin ganye tun a minti na farko, kuma in kofi a buɗe yake, sama yake yi. Wannan ƙamshin da ke cika ɗaki har maƙwabci ya leƙo ya ce "Malam, me ake dafawa?", ƙamshin da ya kamata ya kasance a bakinka ne, ka yi sadaka da shi ga iska. Shi kuwa baurin ganyen, abin nan da ke kama harshe ya busar da dasashi, a hankali yake fitowa, yana ƙaruwa muddin ganye na cikin ruwan zafi. In ka tafasa a kan mangal, ka kori na farko, ka tara na biyu. Abin da ke saura a buta shi ne bauri da ɗan guntun ɗacin ɓawo mai nauyi, kuma wannan haɗin ne ke ba da ɗanɗanon sabulun da ake ƙorafi a kai.

Na ga masu cewa to ai sun sauke, ba su tafasa ba, amma sun ajiye butar a gefen garwashi "don kada ya huce". Duk ɗaya ne, gefen garwashi ma wuta ce. Wasu su juye a tarmus da ganyen a ciki su tafi kasuwar Dole, a sha da azahar. Wannan ya fi na mangal muni. In dole sai an sa a tarmus, a tace tukuna, kuma a shanye kafin awa guda.

Sai kumfa. Na san hannu ya saba, buta sama, kofi ƙasa, a juya a sake juyawa. Kowace juyawa iska ce ke ratsa shayin tana kwashe man. A nan ba a neman kumfa, kuma ba abin kunya ba ne ka miƙa wa baƙo kofi ba kumfa, ka dai gaya masa tun da wuri kada ya zaci rowa ce ko ƙyuya.

Idan minti 3 ya cika, ka ɗaga farantin a hankali. Za ka ga ɗigon ruwa sun taru a cikinsa. Ka karkata su koma kofi, ƙamshi ne zalla. Ka cire jakar ba tare da ka matse ta da cokali ba, matsewa bauri take ƙarawa. In ganye ne, ka tace duka, kada ka bar rabi a ƙasa.

Lokacin hunturu, Disamba da Janairu, gilashi na yin sanyi ƙarara da asuba, yana kuma shanye zafin ruwan kafin ganye ya saki. Ka ɗauraye kofin da ruwan zafi tukuna. In ba haka ba shayin zai fito salam, ka zaci ganyen ne ya mutu.

Kuma babu na biyu da na uku. Jaka sau ɗaya take aiki. Ganye mai kyau zai iya ba da na biyu, amma baƙin shayi ne kawai za ka sha, bargamot ya tafi da na farko.

Ɗanɗanawa

Kada ka zo da bakin goro. Kada ka zo bayan kilishi mai yaji ko taba, kada kuma a ɗakin da uwargida ta sa turaren wuta. Ka kurkure baki da ruwa, ka fita tsakar gida.

Kurɓa uku na farko ba suga. Wannan doka ce, ko da kai mai ƙwaya biyar ne. Ka fara shinshina ganyen da ka tace, yana da ɗumi, a nan za ka san ingancin abin da ka saya: mai kyau na ba da ƙamshin ɓawon lemo da aka murza yanzu, da wani ƙamshin fure a bayansa, maras kyau kuwa kamar alewar yara. Sannan ka bar kofin ya ɗan huce har leɓe ya iya jurewa, don harshen da ya ƙone ba ya jin komai. Ka zuƙa da ƙara, fuuut, iska ta shiga tare da shayin, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Lemon ne zai fara zuwa, sai nauyin shayin a tsakiyar harshe, sai ɗan ɗaci mai tsabta can maƙogwaro wanda ba ya daɗewa. In harshe ya bushe kamar ka tauna ɗanyen bagaruwa, ka wuce lokaci.

Wanda ke son ya gane da kansa, ya jera kofi uku, jaka ɗai-ɗai, ya cire ta farko a minti 2, ta biyu a minti 3, ta uku a minti 5. Asarar jaka uku ce, amma daga ranar ba mai sake yi maka gardamar agogo. Wasu za su zaɓi minti 4, ban hana ba. Biyar dai a'a.

Bayan nan ka sa suga, ƙwaya ɗaya, ka tsaya. Na'ana'a, citta, kanumfari, masoro, duk a bar su, kowannensu ya fi bargamot ƙarfin murya. Madarar gwangwani mai zaƙi, irin ta teburin mai shayi, binne shi take yi. Turawan Ingila da yawa na ɗiga madara kaɗan, wasu yankan lemon tsami. Ka zaɓi ɗaya, in ka haɗa biyun madarar za ta tsinke a gabanka. Ni dai ɓawon lemon tsami ɗan siriri ya fi mini ruwansa.

Abin haɗawa kuwa, alkakinmu na Damagaram ya fi duk wani biskit da za a kawo maka. Zaƙinsa ya isa, sai ka bar shayin ba suga gaba ɗaya. Dabino ma haka. Ƙosai da yaji su jira koko.

Sauran

Da bazara ka sa jaka 4 a lita ɗaya ta ruwan sanyi, ka rufe, ya kwana a firiji in wuta ta yarda, wajen awa 8. Ba bauri ko kaɗan, ƙamshi kuma na nan daram. In ka samu Earl Grey da aka yi da koren ganye, ruwan ya huce zuwa wajen digiri 80, minti 2. Wani samfurinsa mai suna Lady Grey, na kamfanin Twinings, ya fi sauƙi, an ƙara masa ɓawon lemon zaƙi da na tsami, da shi nake fara ba wa wanda ya ce ba ya son turare a kofi.

Ajiya: kwalba ko gwangwani mai murfi sosai, a inuwa, nesa da daddawa, maggi, humra da sabulun wanki, don ganyen shayi na shan warin duk abin da ke kusa da shi. Kada ka sayi fiye da abin da za ka shanye a wata biyu ko uku.

Kofi biyu ko uku a yini ba komai. Amma kada a wuce gona da iri: a 2002 mujallar likitoci ta Lancet ta kawo labarin wani mutumin Ostiriya da ke shan lita 4 kullum har jijiyoyinsa suka riƙa ɗaurewa, ya warke da ya rage. Mai ƙarancin jini da mai juna biyu su ba da tazarar awa guda tsakanin abinci da kofi, don baƙin shayi na rage wa jiki amfanin sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Bayan isha'i kuma, wanda barci ke wa wuya ya bar shi sai da safe.