Babi na Shida: Yin Magana a Gaban Jama'a

A wannan babi, duk inda na ce "ka", da kai nake, da ke ma nake. Ka tanadi fensir, da takarda guda biyu, da agogo. Agogon waya ma ya isa. Kada ka yi saurin kai ƙarshen babin. Ka karanta layi ɗaya, ka tsaya, ka yi abin da aka ce, sannan ka wuce gaba.

Na daɗe ina koyar da manya, na kuma ga abu guda yana ta faruwa. Mutumin da idan yana zaune zai kwashe awa guda yana hira mai daɗi, da zarar an ce ya miƙe ya yi wa mutum ashirin bayani sai harshensa ya yi nauyi. Basirarsa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Shiri ne bai yi ba, shi kuwa shiri koyonsa ake yi, kamar yadda ka koyi riƙon fensir.

Darasi na 1: Su wa za su saurare ka?

Ka ɗauki takarda ta farko. Kada ka rubuta gaisuwa. Kada ka rubuta sunanka. A can sama, daga hannun hagu, ka rubuta lamba 1, ka bar layi uku babu komai, ka rubuta 2, ka sake barin layi uku, ka rubuta 3. A gaban kowace lamba ka kwafi tambaya ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Su wa za su saurare ni?
2. Me suka riga suka sani?
3. Me nake so su yi bayan na gama?

Wannan alama mai lanƙwasa da ka gani a ƙarshen kowane layi, alamar tambaya ce. Tana nufin ana jiran amsa. Layukan da ka bari babu komai, wurin amsar ke nan.

Yanzu ka amsa tambaya ta farko. A nan ne mafi yawan ɗalibaina suke tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Akwai wani dattijo da na taɓa koyarwa, ya kawo mini takarda cike fal da rubutu mai kyau, gaba da baya. Na karanta, duk gaisuwa ce da godiya da neman afuwa. Na ce, "Baba, wa za ka gaya wa wannan?" Ya dube ni ya ce, "Jama'a mana." Na ce wace jama'a. Ya yi shiru yana juya fensir a hannunsa. Sai da muka zauna tare muka ƙirga: ashe mutum goma sha biyu ne, duk abokan sana'arsa, kuma sun san shi shekara da shekaru. Ka ga ba sa bukatar shafi biyu na gabatarwa.

"Jama'a" ba amsa ba ce. Ka rubuta: su nawa ne? Manya ne ko yara? Maza, mata, ko gauraye? Sun iya karatu ko ba su iya ba? Da son ransu suka zo, ko dole aka yi musu? A gajiye suke? Idan ba ka sani ba, ka tambayi wanda ya gayyace ka. Babu kunya a tambaya.

Ga misali. A ce za ka yi bayani kan wanke hannu da sabulu. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara a cuɗa hannu da sabulu na aƙalla sakan 20. Idan yara ne a gabanka, ka kawo ruwa da sabulu, ku ƙirga tare da ƙarfi daga ɗaya zuwa ashirin suna kallon kumfa. Idan iyaye ne, sun san yadda ake wanke hannu, abin da ya dame su shi ne yaro ya daina yawan ciwon ciki, to ta nan za ka shiga. Idan kuwa ma'aikatan asibiti ne, ka ce za ka koya musu ƙirga ashirin, ka raina musu wayo. Magana ɗaya ce, amma hanya uku, domin masu sauraro uku ne.

Wannan ba sabon abu ba ne. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce, wani malami a ƙasar Girka mai suna Aristotal ya bayyana cewa kowane jawabi abu uku ya ƙunsa: mai magana, da abin da ake magana a kai, da wanda ake yi wa maganar, kuma dominsa shi na ukun ake yin jawabin. Ba sai ka haddace sunan malamin ba. Ka dai riƙe na ukun.

Ka koma kan takardarka. Ka duba lamba 1. Ka rubuta amsa? Idan "jama'a" ko "mutane" kaɗai ka rubuta, ka goge, ka sake. Babu laifi, kowa daga nan ya fara. Ka sake rubutawa: su nawa, su wane ne, me ya kawo su.

Tambaya ta biyu tana hana ka ɓata wa mutane lokaci da abin da suka sani, tana kuma hana ka tsallake abin da ba su sani ba. Kalmar da kai ka saba da ita, mai yiwuwa wani bai taɓa jin ta ba. Tambaya ta uku kuwa amsarta jimla ɗaya ce tak. Jimla ita ce magana cikakkiya da ta fara da babban harafi ta ƙare da ɗigo. Misali: "Ina so su riƙa wanke hannu da sabulu." Idan ka rubuta buri biyar, ka zaɓi ɗaya, sauran huɗun su jira wani zama.

Amma ka lura, ba za ka iya amsa ta biyu da ta uku ba sai ka amsa ta farko. Su wa za su saurare ni? Ka faɗa a fili yanzu, da bakinka, sau uku.

Darasi na 2: Takarda ta biyu, da fargaba

Sai yanzu za ka taɓa takarda ta biyu, kuma da sharaɗi: ta farko tana ajiye a gefenka, a buɗe, kana ganin amsoshinka.

Kada ka rubuta duk abin da za ka faɗa. Na san daɗin da ke cikin iya karatu bayan shekaru, shi ya sa ɗalibai suke so su karanta komai harafi bayan harafi. Sai dai wanda ya sunkuyar da kai cikin takarda, ƙeyarsa da tsakar kansa mutane suke gani, muryarsa kuma ƙasa take tafiya. Ka rubuta kalmomi uku ko huɗu kawai, da manyan haruffa, kowace a layinta. Kowace kalma tunatarwa ce. Ka leƙa, ka ɗaga kai, ka yi magana kamar yadda kake hira.

Idan ka miƙe za ka ji zuciya tana bugawa, baki ya bushe, hannu yana rawa. Wani sinadari ne da jiki ke fitarwa idan ya zaci akwai haɗari, ana kiransa adirenalin. Ba ciwo ba ne, kuma har waɗanda suka daɗe suna jawabi suna jin sa. Ka ja numfashi ta hanci a hankali, ka fitar ta baki, sau uku. Ka kafa ƙafafunka biyu a ƙasa. Idan takarda tana karkarwa a hannunka, ka ajiye ta a kan tebur. Ka nemi fuska ɗaya mai sakin rai a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ka riƙa kai ido wurinsu. Ka yi magana yadda na layin ƙarshe zai ji.

Fargaba tana raguwa ƙwarai idan ka san mutanen da ke gabanka. Ka ga mun sake komawa lamba 1.

Darasi na 3: Sauraro

Yawancin lokacinka a taro a zaune za ka yi shi, wani yana magana. Tunanin mutum ya fi bakin mai magana sauri, shi ya sa hankali yake sulalewa ya tafi wani wuri ba ka ankara ba. Ga maganinsa: ka ba hankalinka aiki. Ka riƙa tambayar kanka, mene ne babban abin da yake son faɗa? Idan ka gano, ka rubuta shi da kalma biyu.

Ka kife waya. Kada ka katse mutum. Kada ka zauna kana shirya martani alhali bai kai ƙarshe ba. Idan ya gama, kafin ka yi gardama ka ce, "Idan na fahimce ka, cewa ka yi kaza da kaza, haka ne?" Ka jira ya ce e ko a'a.

Mai jawabi ma sauraro yake yi, da idonsa. Ka ga ana hamma, ana duba agogo, ana raɗa? Suna gaya maka wani abu ne. Ka taƙaita, ko ka kawo misali.

A nan dole in faɗa muku gaskiya. A aji na sha ganin wanda ya gama nasa jawabin, aka saurare shi tsaf, da ya zauna sai ya juya yana hira da na kusa da shi, ɗan'uwansa yana tsaye yana gumi. Wannan ba hali ba ne. Ku manya ne, bai kamata sai na tsawatar ba.

Darasi na 4: Gaskiya da amana

Wanda ya zauna ya ba ka kunnensa, amana ya ba ka. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

Kada ka faɗi adadin da ba ka san daga ina ya fito ba. Saƙon da aka turo maka a WhatsApp ba shaida ba ne. Idan maganar wani ka ɗauko, ka ce ta wane ce, kada ka mai da ita taka. Idan an yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Ban sani ba, zan bincika." Kada ka ci mutuncin wanda ba ya wurin, kada ka yi wa wata ƙabila ko addini ko nakasa ba'a don a yi dariya.

Sanin masu sauraro kuma ba izinin yaudararsu ba ne. Hanyar faɗa ce take sauyawa daga taro zuwa taro, gaskiyar tana nan yadda take.

Har yanzu akwai waɗanda suka iso nan lamba 1 tasu babu komai a gabanta. Na sani, domin kowace shekara haka ake yi. Sau nawa zan faɗa? Ku koma ku cike.

Darasi na 5: Lokaci

Ranar 19 ga Nuwamba, 1863, a garin Getisbag na Amurka, wani shahararren mai jawabi ya yi kusan awa biyu yana magana. Bayansa shugaban ƙasa Abraham Linkon ya miƙe ya yi kamar minti biyu. Na Linkon ake tunawa har yau.

Idan an ba ka minti biyar, ka gwada a gida da agogo. Idan ya wuce, ka rage. Kada ka ci lokacin wani.

Darasi na 6: Aikin gida

Ka zaɓi abu ɗaya da ka iya yi da hannunka. Ka shirya bayanin minti biyu a kansa. Ka gwada a gaban mutum ɗaya.

Ka zo da takardun biyu a zama na gaba. Ta farko zan fara dubawa.