Yadda Ake Auna Radiyeshin da Takin Fotash da Balan-balan a Ɗakin Gwaji

Ɗalibai da yawa a Sakkwato suna gama sakandare sun haddace alfa da bita da gama, wato nau'o'in radiyeshin uku, sun san Henri Becquerel ne ya gano radiyeshin a 1896, amma kunnensu bai taɓa jin ƙarar na'urar Gaiga mai ƙirga radiyeshin ba. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu sinadarin gwaji, kuma ba a mallakarsa sai da lasisi. Wannan gaskiya ne game da sinadarai masu ƙarfi irin siziyam-137 da kobal-60, waɗanda NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya, ke sa wa ido. Amma takin fotash da ake sayarwa a kasuwa, da iskar ɗakin da ya kwana a rufe, sun isa malami ya nuna wa ɗalibansa abubuwa uku da idonsu: cewa radiyeshin na nan tare da mu, cewa ana iya tare shi, kuma yana raguwa bisa ƙa'ida. Wahalar aikin tana wajen ƙidaya. Wanda bai iya ta ba zai ga abin da babu, ya rasa abin da yake akwai.

Kayan aiki

Ana buƙatar na'urar Gaiga wadda ke iya tara jimillar bugu a cikin lokacin da aka ƙayyade mata. Wadda ke nuna lamba mai hawa da sauka kawai ba za ta yi ba. Ƙananan na'urori masu araha galibi suna ɗauke da bututun SBM-20 na ƙarfe ko J305 na gilashi, dukansu suna aiki da wuta kusan bolt 400. Suna jin gama da bita mai ƙarfi, ba sa jin alfa. Mai faffaɗan baki kamar faifai, wadda aka rufe da siririyar fatar maika (wani ma'adini mai ɓarewa falle-falle), ita ke jin alfa, ta kuma fi tsada. Kada a buɗe bayan na'ura tana kunne, ko nan take bayan an kashe ta, domin wutar kan ɗan daɗe a ciki.

Sai fotasiyam kulorayid giram 100. Na ɗakin gwaji ya fi tsabta, amma takin fotash mai ja-ja, wanda aka rubuta 60% a buhunsa, yana yi sarai. A haɗa da takin kamfa 15-15-15, da yuriya, da gishirin miya, da kanwa, kowanne giram 100. A samo faranti na roba mai faɗin santimita 9 da zurfin santimita 1, da siririyar farar leda, da kwalin ashana biyu, da balan-balan, da zare. Daga wajen masu rufin kwano a karɓo guntayen alminiyam biyar masu kaurin kusan rabin milimita. A gwada su da maganaɗisu kafin a biya: in ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa tutiya, kuma lissafin da ke ƙasa ba zai yi daidai da shi ba.

Ƙidayar muhalli ita ce farko

Ko babu komai a gabanta, na'urar za ta riƙa bugawa jefi-jefi. Wannan bugun yana zuwa daga ƙasa, da bulon gini, da iska, da sararin samaniya. Jikin mutum ma yana da nasa: mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da fotasiyam kusan giram 140, wanda ke ba da bekarel sama da 4,000, wato ƙwayoyin zarra sama da 4,000 ne ke rushewa a jikinsa kowace daƙiƙa.

A ɗora na'urar a kan kwalin ashana biyu, da farantin roba ba komai a ƙarƙashinta, daidai inda za a yi sauran gwajin. Buhun taki ya kasance a wani ɗaki. A ƙirga na minti 10, a rubuta, a sake sau biyu. Ƙananan bututai sukan ba da bugu 15 zuwa 30 a minti. Lambobin uku ba za su zo ɗaya ba, kuma wannan ba lalacewar na'ura ba ce. Rushewar ƙwayar zarra ba ta da lokaci tsayayye, don haka kowace ƙidaya tana da tangarɗa ta asali, wadda girmanta shi ne saiwar lambar da aka samu, wato adadin da in aka ninka shi da kansa zai ba da ita. Bugu 100 yana da tangarɗar 10, kashi 10 cikin ɗari ke nan. Bugu 1,000 yana da kusan 32, kashi 3 da ɗoriya. Sai an kai bugu 10,000 kafin ta sauko zuwa kashi 1. Shi ya sa ƙidayar minti ɗaya, wadda ɗalibai suka fi so saboda gaggawa, ba ta tabbatar da komai.

Gwajin taki

A cikin fotasiyam na halitta akwai wani ɗan kaso, 0.0117%, da ake kira fotasiyam-40. Rabin wa'adinsa, wato lokacin da rabin ƙwayoyinsa ke ɗauka kafin su rushe, shekara biliyan 1.25 ne. Kashi 89 cikin ɗari na rushewarsa bita yake fitarwa ya koma kalsiyam-40, sauran kusan 11 kuma ya koma agon-40 ya saki gama. Giram ɗaya na fotasiyam yana ba da bekarel kusan 31. Fotasiyam kulorayid kashi 52 nasa fotasiyam ne, saboda haka giram ɗaya yana ba da kusan bekarel 16. Kamfa 15-15-15 kuwa fotasiyam ɗinsa bai wuce kashi 12.5 ba, kusan bekarel 4 a giram.

A daka takin ya yi laushi, a cika farantin, a baje samansa da rula, a rufe da leda falle ɗaya. Ledar tana hana garin shiga na'ura, domin in ya sha danshi yana cin ƙarfe. A tura farantin ƙarƙashin na'urar ta gefen da bututun yake, inda akwai tsagogi a jikin robar. A ƙirga na minti 10.

Ga yadda lissafin yake. A ce muhalli ya ba da 220, taki ya ba da 700. Bambancin 480 ne, wato bugu 48 a minti. Tangarɗar bambancin ita ce saiwar jimillar lambobin biyu: 220 da 700 sun zama 920, saiwarsa kusan 30. Sakamakon ke nan 48, da ƙari ko ragin 3. Ya ninka tangarɗarsa sau 16, babu shakka a kansa. Yanzu a ce wani samfur ya ba da 245. Bambancin 25 ne, tangarɗarsa kusan 22. Wannan ba a gano komai ba tukuna. Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce, bambancin da bai ninka tangarɗarsa sau uku ba, ba a kafa hujja da shi. A sake ƙirga samfurin da muhallin na awa ɗaya kowanne.

Yuriya da gishirin miya ba su da fotasiyam na a zo a gani, za su tsaya kusa da ƙidayar muhalli. Su ne shaidun cewa ba ledar ko farantin ke bugawa ba. Kanwa tana da daɗin gwadawa, saboda littattafai da yawa suna fassara ta da fotash, alhali mafi yawanta gishirin sodiyam ne. A bar ɗalibai su yi hasashe tukuna, sannan na'ura ta raba gardama. Kamfa kuma wani lokaci yakan ɗara abin da lissafin fotasiyam ya nuna, domin fosfat ɗin da ke cikinsa na iya zuwa da ɗan yuraniyam daga dutsen da aka haƙo shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne tula taki da yawa don ƙidaya ta ƙaru. Ba za ta ƙaru sosai ba. Bitar da ta taso daga zurfin da ya wuce kusan rabin santimita, takin da ke samanta ne ke shanye ta. Faɗin samfur da kusancinsa su ne ke ƙara bugu. Don haka duk samfuran da za a kwatanta su shiga faranti iri ɗaya, a cika su daidai, tazara kuma kada ta motsa ko da kaurin farce.

Tare bita da alminiyam

A bar farantin fotash a wurinsa. A sa takarda ɗaya tsakaninsa da na'ura, za a ga kusan babu canji. A cire ta, a sa alminiyam falle ɗaya, a ƙirga minti 10, a ƙara na biyu, har zuwa biyar. Fallen farko shi ke cin kaso mafi girma. Bitar fotasiyam-40 mafi ƙarfi ba ta wuce alminiyam mai kaurin milimita 2 da ɗan kai, saboda haka daga falle na huɗu zuwa na biyar ƙidayar za ta daina sauka. Ɗan abin da ya rage a saman muhalli gama ce, wadda sai dalma mai kaurin fiye da santimita ɗaya ke rage ta da rabi. Ragowar ƙarama ce ƙwarai don bututun Gaiga bai kama fiye da kusan ɗaya cikin ɗari na gamar da ta ratsa shi, kuma ganinta na buƙatar ƙidaya mai tsawo.

Rabin wa'adi da balan-balan

Wannan gwajin hunturu ne. Yuraniyam da ke cikin ƙasa da bulo yana rushewa sannu a hankali har ya kai ga radiyam, shi kuma ya haifi radon-222, iska mara launi mara wari mai rabin wa'adin kwana 3.8. Radon yana taruwa a ɗakin da ba a buɗewa. Abin da yake haifa ƙwayoyi ne masu cajin lantarki: foloniyam-218 mai minti 3, dalma-214 mai minti 26.8, da bismat-214 mai kusan minti 20. Balan-balan da aka goga tana jawo su kamar yadda take jawo gashi. A busasshiyar iskar Disamba da Janairu cajin yana daɗewa a jikinta. Da damina danshi kan kwashe shi cikin 'yan mintuna, gwajin ya ƙi.

A zaɓi sito ko ɗakin ƙasa da ya kwana biyu a rufe, ba fanka. A hura balan-balan, a ɗaure bakinta da zare yadda za a iya kwancewa, a goga ta da busasshen mayafin ulu na minti ɗaya. A rataye ta nesa da bango da rabin mita, domin in ta taɓa shi cajin ya tafi. A rufe ƙofa minti 40. Sannan a kwance ta a hankali ta sace, kada a fasa. Da ta yanƙwane, abin da ta tara a faffaɗan jiki ya dunƙule wuri guda. A riƙe ta ta baki, a shimfiɗa a faranti, a rufe da leda, a tura ƙarƙashin na'ura ba ɓata lokaci.

A riƙa rubuta bugun kowane minti 5 har awa uku, kada a taɓa komai. Daga kowace lamba a cire ƙidayar muhalli ta minti 5 kafin a zana jadawali. Wanda ya manta wannan zai ga layinsa ya ƙi sauka, ya fitar da rabin wa'adin da ya fi na gaskiya tsawo. Yawanci bugun yana komawa rabi a cikin minti 35 zuwa 50, kuma ɗalibi mai lura zai tambaya me ya sa bai zo 26.8 ko 20 ba. Amsar tana kama da randa biyu masu yoyo, ta sama tana ɗiga cikin ta ƙasa: bismat yana ƙarewa, dalma tana sake haifar wani, sai raguwar ta yi jinkiri, musamman a awar farko. In an dawo bayan awa shida aka tarar da saura a saman muhalli, wannan dalma-212 ce mai rabin wa'adin awa 10.6, daga zuriyar toriyam.

Abubuwan da ke ɓata sakamako

A yi aiki da batir. Cajar waya mai arha, da janareta, da inbata suna iya cusa bugun ƙarya. Wasu bututan gilashi suna jin hasken rana, in ƙidaya ta hau kusa da taga a rufe na'urar da baƙin ƙyalle a gani. Kada a bar ta a mota a zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40. Ƙurar hunturu in ta kwanta a fatar maika, a bar ta, ko a hure ta a hankali da ɗan famfon roba, domin yatsa ko tsinke na taɓa ta ta fashe. Bayan ruwan sama ƙidayar muhalli kan ɗaga na 'yan awanni, saboda ruwan yana sauko da 'ya'yan radon daga iska, don haka a auna muhalli a ranar gwaji, kafin da bayan. Lambar maikurosibat (ma'aunin radiyeshin da jiki ke sha) da na'urar ke nunawa kuma an daidaita ta ne da gamar siziyam-137. In aka kanga ta a taki, lambar ba ta nufin haɗarin da jiki ke ciki, kada a tsorata kowa da ita.

Wuri ɗaya ne tsoro ya dace. In aka bi da na'ura ta wajen 'yan gwangwan ta ɓarke da ƙara babu tsayawa a kan wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ko aka ga alamar gargaɗin radiyeshin mai fuka-fuki uku a jikinsa, kada a ɗauka, kada a fasa. A ja da baya, domin ninka tazara sau biyu yana rage radiyeshin zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a hana mutane matsowa, a sanar da NNRA. A garin Goiânia na ƙasar Barazil, a 1987, masu tsintar ƙarfe sun fasa irin wannan daga tsohuwar na'urar asibiti, mutum huɗu suka rasu.

Inda Gaiga ke tsayawa

Na'urar tana ƙirga bugu ne kawai, ba ta faɗin wane sinadari ya buga. Wanda ke son sanin yawan yuraniyam a duwatsun fosfat na yankin Dange da Shuni, ko a ƙasar gona, ko a siminti, sai ya nemi na'urar tantance gama, irin wadda ake aiki da ita a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ita tana rarrabe su ta ƙarfin gamar kowanne, wanda ake aunawa da keV: 1,460 keV na fotasiyam-40, 1,764 na bismat-214 a madadin zuriyar yuraniyam, 2,614 na taliyam-208 a madadin toriyam. Kafin a kai samfur a busar da shi a oba a digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa, a daka, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, a auna nauyinsa, a cika robar da cibiyar ta ƙayyade, a liƙe murfin da kakin kyandir da salatif. A rubuta ranar liƙewa a jiki, a ajiye kwana 28 domin radon da 'ya'yansa su daidaita da radiyam ɗin da ke ciki. In murfin ya yi yoyo ko aka buɗe shi a tsakani, radon ya tsere, sakamakon yuraniyam zai fito ƙasa da gaskiya, kuma sai an sake liƙewa an fara ƙirga kwanakin daga farko.