Jakar magani a motar ɗaukar marasa lafiya: yadda nake shirya ta, da abin da nake fara ɗaukowa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina bin motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibitin karkara. Daga ƙofarmu zuwa babban asibitin da muke tura mutane tafiyar awa ɗaya da rabi ce da rani, da damina kuwa sai yadda hali ya yi. Duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ni da shi, ranar farko juye masa jakar magani nake yi a kan tebur, in ce ya mayar da komai mazauninsa. In ya gama sai in kashe fitila, in ce ya miƙo mini adirenalin. Wanda ya tsaya lalube, gobe ma sai mu sake.

Wannan bayani na 'yan'uwana ma'aikatan lafiya ne waɗanda suka samu horo, kuma ƙa'idar da asibitinku ke bi ita ce gaba da maganata.

Ka fara da jakar kanta. Adirenalin da oksitosin (mai tsuke mahaifa) da atirofin (mai ƙara saurin bugun zuciya) duk a 'yar kwalba mai mil 1 suke zuwa, ruwansu garai-garai, a hasken tocila ba mai iya bambanta su da kallo. Shi ya sa kowanne da aljihunsa, kuma akwatin adirenalin na naɗe shi da jan filasta. Kafin in fasa kwalba sai na karanta sunan da ƙarfi, abokin aikina ya maimaita. Ranar ɗaya ga kowane wata ina duba ranar lalacewar komai. Adirenalin da ya sauya launi ya yi ja-ja ko ruwan ƙasa, zubar da shi ake yi. Oksitosin kuwa ba ya kwana a jaka sam, domin sanyin digiri 2 zuwa 8 yake so. Yana firji, sai za mu tashi in sa shi a cikin kula mai ƙanƙara. Wanda ya taɓa buɗe motar da ta wuni a rana cikin watan Afrilu ya san abin da nake gudu.

Idan ka isa wurin majinyaci, kada hannunka ya riga idonka. Duba ko hanyar iska a buɗe take, ƙirga numfashi, danne inda jini ke zuba, kwantar da wanda ya suma ta gefensa. Sai ka gwada suga. Duk wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko yake jijjiga, ko yake sambatu, sai na soki yatsarsa.

Wani dare aka kira mu wata ruga. Na tarar da yaro ɗan shekara biyu a cinyar kakarsa, ido ya kafe, jiki zau, an tura masa cokali a baki, ɗakin ya turnuƙe da hayaƙin turare. Na durƙusa na ce, "Iya, ki yi haƙuri ki ba ni shi, a cire cokalin nan, a ɗage labule iska ta shigo." Ba ta yi gardama ba. Na'urar gwajin suga ta nuna 1.9 a ma'aunin mmol/L. Kwana biyu yana zazzaɓi, ko nono ba ya karɓa. Jijiya ta ƙi samuwa, sai na jiƙa sukari ƙaramin cokali ɗaya da ɗigon ruwa na sa masa a ƙarƙashin harshe, na ci gaba da nema har na samu a bayan ƙafa. Kafin mu hau kwalta yaron ya fasa kuka, kakar na ta hamdala.

Ga lissafin. Ga yaro, in suga ya yi ƙasa da 2.5, ko ƙasa da 3 ga mai tamowa, a ba shi gulukos mai kashi 10 cikin 100, mil 5 a kowane kilo, ta jijiya. Yaro mai kilo 10 zai samu mil 50 ke nan. In mai kashi 50 kaɗai gare ka, ka sirka ma'auni ɗaya da ma'auni huɗu na ruwan allura. Ga babba, ƙasa da 4 ya isa a ɗauki mataki. In yana iya haɗiya, ba shi giram 15 zuwa 20 na sukari a ruwa, misalin ƙaramin cokali huɗu. In ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai, ruwan huhu zai tafi. A ba shi mil 150 zuwa 200 na mai kashi 10 ta jijiya. Bayan kwata a sake gwaji.

Jijjigar da ta wuce minti 5 ita ke buƙatar dayazafam. Ga yara ta dubura nake bayarwa, ya fi sauri da neman jijiya a mota mai tsalle. Kwalbar miligiram 10 ce a mil 2, sai ka ja mil 0.1 a kowane kilo, ka cire allurar, ka shigar da bakin sirinjin santimita 4 zuwa 5, ka tura, ka matse ɗuwawun na 'yan mintuna. In minti 10 ya wuce bai lafa ba, ka ƙara sau ɗaya tak. Dayazafam yana danne numfashi, don haka jakar hura iska ta kasance a gefen gwiwarka. Jaririn da bai kai sati biyu ba, ba a ba shi wannan. In zazzaɓin ya yi kama da maleriya mai tsanani kuma babu allurar atesunet, yaro ƙasa da shekara 6 ana sa masa na matsi ta dubura, miligiram 10 a kowane kilo. Wannan somin taɓi ne kawai, dole a ƙarasa asibiti, ko da iyaye sun ga ya warware sun ce a juya gida.

Sai adirenalin, wanda na ga ma'aikata da yawa suna tsoronsa ba gaira ba dalili. Mutum ya sha magani, ko an yi masa allura, ko zuma ta harbe shi, cikin mintuna leɓe ya kumbura, borin jini ya feso, murya ta shaƙe, ƙirji na kuka, jini ya faɗi. Kada ka ɓata lokaci da firiton ko haidirokotizon, ba su ne za su buɗe maƙogwaro ba. Adirenalin mai miligiram 1 a mil 1 za ka ɗauko, ka yi shi a tsokar gefen cinya ta waje: mil 0.5 ga babba, 0.3 ga ɗan shekara 6 zuwa 12, 0.15 ga wanda bai kai 6 ba. In minti 5 ya wuce ba sauƙi, ka maimaita. Kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, sai fa in numfashi ya fi yi masa daɗi a zaune, amma kada a bar shi ya miƙe tsaye. Wannan mai kauri ba a tura shi ta jijiya ga mai rai da bugun zuciya. Na tsayawar zuciya lissafinsa daban ne: miligiram 1 ta jijiya duk minti 3 zuwa 5, ana danna ƙirji ba tsayawa.

Rabin tafiyar dare da muke yi ta masu ciki ce. Mai ciki ko mai jego da ta kama jijjiga, magnesiyam salfet ne maganinta, ya fi dayazafam nesa ba kusa ba. Giram 5 a tsokar kowane ɗuwawu, wato mil 10 na mai kashi 50 a kowane gefe, da giram 4 ta jijiya a sirke, a hankali, kada ya gaza minti 5. In jijiya ba ta samu ba, ka yi na tsokar ka kama hanya. Kana tafe kana ƙirga numfashinta kana buga gwiwarta ka ga ko ƙafar tana zabura. In numfashi ya ja baya sosai, makarinsa kalsiyam gulukonet giram 1 ta jijiya a hankali. Ba na ɗaukar ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Zubar jini bayan haihuwa kuwa, hannu ɗaya na murza mahaifa ta saman mara, ɗayan na yin oksitosin awo 10 a tsoka. In babu, misofurostol maikirogiram 800 a ƙarƙashin harshe. Sai taranekzamik asid giram 1 ta jijiya cikin minti 10. Babban gwajin da aka wallafa a 2017, wanda ya haɗa mata wajen 20,000 har da na asibitocin Najeriya, ya nuna yana rage mutuwa ta zubar jini in an bayar cikin awa 3 da haihuwa. Haka ƙa'idar awa 3 take ga wanda ya yi haɗarin mota yana zubar da jini, don haka tambayata ta farko a bakin titi ita ce ƙarfe nawa abin ya faru.

Sauran ba su da dogon bayani. Mai asma, salbutamol na shaƙa, fesa 4 zuwa 10 ga babba, ɗaya bayan ɗaya, a maimaita duk minti 20. In babu mazurarin shaƙa, robar ruwa da aka huda gindinta aka cusa bakin maganin tana yin aikin. Babban da ƙirji ya danne shi kamar an ɗora masa dutse, yana gumi, ciwon na sauka hannu ko muƙamuƙi, ya tauna asfirin miligiram 300, muddin ba ya zubar da jini kuma jikinsa bai taɓa ƙinsa ba. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba a ba shi asfirin sai an yi hoton kai. Kafin in sa wa magidanci ƙwayar naitiret ta ciwon ƙirji a ƙarƙashin harshe, sai na auna jini na ga lambar sama ba ta yi ƙasa da 90 ba, sa'annan in matsa kusa da kunnensa in ce, "Alhaji, a gafarce ni, jiya ko yau an sha maganin ƙarfin maza?" Haɗuwar su biyun tana faɗar da jini warwas, kuma ba wanda zai amsa wannan tambaya a gaban 'ya'yansa.

Matashin da aka tsinta numfashi sama-sama, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, ka yi zargin kodin ko taramol. Fara hura masa iska, sai naloksan miligiram 0.4 a tsoka ko jijiya, a ƙara duk minti 2 zuwa 3 har numfashi ya dawo. Ƙarfin naloksan yana riga na abin da ya sha ƙarewa, saboda haka ko ya farka yana rantsuwa lafiyarsa lau, asibiti za a kai shi. Oksijin ma magani ne da awonsa: ka nemi na'urar yatsa mai auna oksijin ta nuna 94 zuwa 98, mai tsohon ciwon huhu kuwa 88 zuwa 92.

Duk abin da na bayar, ina yanko farin filasta in rubuta sunan magani da awo da lokaci, in manna a damtsen majinyaci. Takarda tana jiƙewa, tana faɗuwa a ƙarƙashin kujera, amma filasta yana shiga ɗakin taimakon gaggawa tare da mai shi, likita ya gani kafin ma in buɗe baki. Fasassun kwalabe kuma ina tara su a gwangwani mai murfi. In mun dawo, ko ƙarfe uku na dare ne, sai na ƙirga su, na cike gurbin kowanne daga ma'aji, na mayar da oksitosin firji, sa'annan in miƙa wa direba makulli.