Kafin ka biya kuɗin fili, tona rami uku

Shekara 26 ina aikin gini a Kano da kewayenta, kuma har yau abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, ya sayi fili a watan Maris saboda ya gan shi a bushe sumul. An duba takarda, an duba maƙwabta, ba wanda ya duba ƙasar. Ga yadda nake yi idan aka ce in raka wani ganin fuloti.

In da hali, je ka a watan Agusta, tsakiyar marka, washegarin ruwa mai ƙarfi. Inda ruwa ya kwana yau, nan zai kwana bayan ka yi gini. In kuwa rani ne, nemi dattijon unguwa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, da can mene ne a wurin nan?" In ya ce kududdufi ne aka cike, ka yi hattara. Kududdufai da yawa a Kano, inda aka haƙi ƙasar gina gidaje tun zamanin kakanni, an cike su da bola an yanka fuloti. Irin wannan ciko yana ci gaba da lotsawa shekara da shekaru. Na taɓa gina wa wani bawan Allah ɗaki uku a irin wurin da kuɗin sallamarsa na aiki. Ban tona da zurfi ba, laifina ne. Damina biyu kacal bango ya tsage daga taga har ƙasa, kuma ban manta fuskarsa ranar da ya kira ni ba.

Ramin farko a inda gida zai zauna. Lebura ɗaya ya isa, ya sauka kamar ƙafa biyar. Shiga ka dubi bangon ramin. Jar marmara mai tauri ita magini ke so, tana ɗaukar nauyi ba gardama. Rairayi ma yana ɗauka in an faɗaɗa harsashi. In leda da tsumma da fasassun kwalabe suka fito, ka ci gaba da tono har ka taɓa ƙasa ta asali, a kanta harsashi zai zauna. In baƙar laka ce, ɗebo kaɗan ka jiƙa, ka murza a tafin hannu. Idan ta miƙe kamar igiya ba ta karye ba, tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ta riƙa ɗaga gini tana saukewa. Ita ce firkin da mutanen Dikwa da Ngala suka sani a Borno, akwai ta kuma wajen Numan. A kanta kada ka yarda da harsashin da aka saba. Kira injiniya, galibi zai ce a shimfiɗa kankare guda da rodi a ƙarƙashin gidan baki ɗaya. Bene kuwa, kowace irin ƙasa ce, sai an gwada ta a ɗakin gwaji.

Rami na biyu na sokawe ne, a nan kuma aka fi yin sakaci. Tona zuwa zurfin da kake nufi, sannan a gindinsa ka yi ɗan rami mai faɗin ƙafa ɗaya da zurfin ƙafa ɗaya. Cika shi da ruwa da yamma ya kwana, don ƙasar ta sha ta ƙoshi kamar da damina. Da safe ka sake cikawa, ka kafa sanda, ka yi alama, ka duba agogo. In ruwan na sauka inci ɗaya cikin abin da bai wuce rabin awa ba, sokawe zai yi aiki. In awa ta wuce bai motsa ba, duk damina za ka riƙa biyan motar kwasa, ƙazanta na dawowa banɗaki. In kuma ya ɓace nan take, kada ka yi murna, haka zai zarce cikin rijiya ba tare da ƙasa ta tace shi ba.

A bar tazarar mita 30 tsakanin sokawe ko masai da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina. Yi lissafi: fuloti mai ƙafa 50 a 100, tsawonsa gaba ɗaya kusan mita 30 ɗin ne. Ke nan rijiya na wannan ƙarshe, sokawe na wancan, kuma sai ka leƙa ka ga inda maƙwabcinka ya haƙa tasa rijiyar, don 'ya'yansa ne za su sha. Amai da gudawa ba ya tambayar katangar wane ce.

Na uku ba shi da wahala. A inda uwargida ke son lambu, tona ƙafa ɗaya, zuba ƙasar a gorar roba har sulusi, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka sai ta kwana ɗaya ko biyu kafin ta kwanta a samansa. In yashi ya rinjaya, ƙasar jigawa ce: zogale da yakuwa da kankana za su yi, amma tana son takin dabbobi da ban-ruwa a kai a kai. In laka ta fi yawa, haɗa ta da yashi da ruɓaɓɓen taki, ka ɗaga kunya don tumatir da alayyafo, kada saiwarsu ta ruɓe.

Ranar da aka fara tonon harsashi, ce wa leburori su tara baƙar ƙasar sama gefe guda, kada su yi ciko da ita. Ba ta da amfani a ƙarƙashin daɓe, amma ita ce abincin lambunka. Darbejiya da mangwaro kuma a dasa su nesa da bango da sokawe, saiwarsu na bin danshi har ta fasa bulo.