Kafin ki sayi tukunyar fulawa ta hannu

Salam 'yan uwa, masu son tukwanen shuka irin na hannu da ake gasawa da itace, ga 'yar shawara. Kafin ki biya kuɗi ki ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta yi ƙara garau to ta gasu sosai, in kuwa kin ji sautin ya dushe akwai tsaga a ɓoye ko wuta ba ta ratsa ta ba, ki bar ta kawai. Baƙi-baƙi da ja-jan nan na jikinta ba aibu ba ne, aikin harshen wuta ne da toka, shi ya sa ba ki samun biyu iri ɗaya, ni ma shi ke burge ni wallahi.

Ki duba gindinta akwai huda? In babu, ruwa zai kwanta saiwa ta ruɓe. Sabuwa kuma ki jiƙa ta a baho ta kwana kafin ki zuba ƙasa, don busasshen yumɓu yana shanye ruwan shukar, balle da hunturu sai kin ƙara ban ruwa.

Ta zuba furanni a falo kuwa daban ce, ki nemi mai ƙyalli a ciki wadda ta sha wuta mai ƙarfi, irin aikin da Ladi Kwali ta jikin naira 20 ta koya a Suleja. Ki cika ta da ruwa ki ɗora kan jarida zuwa safe, in takardar ta jiƙe kar ki sa ta kan teburin katako, busassun furanni za ki zuba mata.